Labarin Rosetta Tharpe da Jitocinta Huɗu

A wata ekklisiya ta ƙasarmu ta Danja samari suka sayar da tumatir ɗinsu na rani, suka haɗa kuɗi, suka aika birni aka sayo musu jita mai lantarki domin sujada. Ran Lahadi ta fari da aka jona ta, abin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Samari suka ce laifin jitar ne, gama mai araha ce, sai a ƙara kuɗi a sayo wadda ta fi ta. Dattawa kuwa suka ce laifin jita ne kowace iri, gama kayan gidan rawa ce, sai a fitar da ita daga majami'a. Da aka kawo maganar gabanmu muka ga dukansu biyu itace da waya suke ɗora wa laifi. Ba wanda ya yi zancen hannun da ya kaɗa.

Saboda wannan, a watan nan za mu ba da labarin wata mace baƙar fata ta ƙasar Amurka, sunanta Rosetta Tharpe. Ta yi shekara fiye da 50 tana waƙar bishara da jita a hannu. Ta riƙe jitoci da yawa, kowace da muryarta dabam. Za mu duba huɗu daga cikinsu, mu ga abin da ya sāke sa'ad da ta ajiye wata ta ɗauki wata, mu ga kuma abin da bai sāke ba.

Haihuwarta da ƙuruciyarta

An haife ta ran 20 ga Maris 1915 a wani ƙaramin gari na jihar Arkansas da ake kira Cotton Plant, watau itacen auduga. Iyayenta masu tsinkar auduga ne a gonakin waɗansu. Mu mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi mun san wannan aiki, mun san ciwon baya da ke cikinsa. Sunan uwarta Katie Bell Nubin, mai waƙa ce, mai wa'azi kuma, tana kaɗa wani ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira mandolin.

Ekklisiyarsu ita ce wadda ake kira Church of God in Christ, wadda Charles Harrison Mason ya shugabanta, babbar majami'arta tana birnin Memphis. A zamanin nan ekklisiyoyi da yawa na Amurka ba su yarda da kayan kiɗa a sujada ba, sai dai molon Turawa mai maɓallai. Amma mutanen Mason sun yarda da ganga, da ƙaho, da jita, da tafi. Sun kuma bar mata su yi koyarwa, su fita yawon bishara. A cikin wannan gida Rosetta ta tashi. Tun tana shekara 6 take tsayawa gaban jama'a da jita wadda ta kusa fin ƙarfinta, tana waƙa tare da uwarta. Tana yarinya suka ƙaura zuwa birnin Shikago, suka shiga majami'ar Roberts Temple. Daga can suka riƙa zaga garuruwa, suna taro a bukkoki na zane da bakin hanya.

Irin kiɗan da ta ji tana yarinya

Baƙaƙen Amurka na kudu suna da wani kiɗa da suke kira buluz. Kada mai karatu ya haɗa shi da sunan manzo Bulus, gama ba abin da ya gama su. Kiɗa ne na jikokin bayi, na mutum ɗaya da jitarsa, yana kukan wahalar aiki, da talauci, da rabuwa da masoyi. Mai kiɗan buluz ba ya barin amo ya tsaya cak. Yakan tura tsirkiya gefe da yatsa domin amon ya hau ya sauko kamar kukan mutum.

Wanda ya saba da goge ko kukuma ba zai ji wannan baƙo ƙwarai ba. Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya ɗauki kiɗan wani Bahaushe mai goge a ƙasar Kamaru a 1964. A littafin da ya fitar a 1999 ya nuna cewa yadda mai buluz yake lanƙwasa murya, yana waƙa shi kaɗai da abin kiɗa mai tsirkiya, ya fi kama da kiɗan ƙasashenmu na bakin hamada bisa ga kiɗan gangunan bakin teku. Abin da Rosetta ta yi shi ne, ta ɗauki wannan hannu na buluz ta sa shi ƙarƙashin waƙoƙin majami'a.

Jita ta fari, mai jikin ƙarfe

Kowane makaɗi a ƙasarmu ya sani ba tsirkiya kaɗai ke yin amo ba. Tsirkiya tana rawa, ta ba ɗan itacen nan da take hawa, wanda makaɗa ke kira jaki, shi kuma ya ba fata, fata ta ba ƙoƙo. Saboda haka molo mai jikin itace yana da muryarsa, gurmi mai jikin duma yana da tasa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda jikinsa gwangwani ne, muryarsa siririya ce mai kaifi. Har fata ɗaya ma takan sāke murya: da hunturu ta ɗaure, da damina ta saki, sai makaɗi ya kai ta bakin wuta.

Damuwar mai jita a zamanin ƙuruciyar Rosetta ita ce, jitar itace ba ta da ƙarfin murya. A ɗaki tana da daɗi, amma a bakin hanya, ko cikin taron da ake tafi ana buga ƙafa, ba mai jinta. A 1927 wani maƙeri mai suna John Dopyera da abokansa suka fara yin jita a kamfanin National wadda ke da magani ga wannan. A cikin jikinta suka sa wani faranti na gorar ruwa, marar kauri, mai siffar malfa. Jaki yana zaune a kansa. In tsirkiya ta motsa sai farantin ya yi rawa ya tura amon waje da ƙarfi, ba lantarki ko kaɗan. Da yawa cikin waɗannan jitoci jikinsu duka ƙarfe ne.

Irin wannan ce ake gani a hannun Rosetta a hotunanta na fari. Muryarta tana fita farat ɗaya kamar an bugi tasa, mai kaifi, amma ba ta daɗewa, nan da nan ta mutu. Mai irin wannan jita ba shi da damar riƙe amo ɗaya ya ja shi. Dole ya yi ta zuba amo bayan amo da sauri, ya kuma bugi tsirkiya da ƙarfi. Nan hannun Rosetta ya horu. Tana sa wani farce na roba a babban yatsa, tana ɗaure tsirkiyoyin nan 6 ta yadda in ta shafe su duka ba tare da danna ko ɗaya ba za su yi jituwa. Wannan ya ba hannun hagu 'yanci ya yi ta gudu bisa wuyan jitar.

A 1934, tana da shekara 19, ta auri wani mai wa'azi na ekklisiyarsu, Thomas Tharpe. Auren bai zauna ba. A 1938 ta rabu da shi ta tafi Niyu Yok tare da uwarta, amma ta riƙe sunansa har mutuwarta. Ran 31 ga Oktoba na shekarar nan ta yi faifan garmaho na fari a kamfanin Decca, waƙoƙi 4, ita kaɗai da jitarta. Faifan ya sami kasuwa ƙwarai. A watan Disamba ta yi waƙa a babban zauren Carnegie Hall. A shekarar kuma ta fara waƙa a wani gidan rawa na dare da ake kira Cotton Club, inda masu kallo Turawa ne, masu shan giya. Daga nan gardama a kanta ta fara, ba ta kuwa ƙare ba har yau.

Jita ta biyu, da shigowar lantarki

A 1941 ta shiga ƙungiyar makaɗan Lucky Millinder, masu ƙahoni da ganguna da yawa. A tsakiyar irin wannan ƙara, ko jitar ƙarfe ba ta isa ba. A hotunanta na shekarun nan ana ganinta da Gibson L-5, babbar jita ta itace wadda aka fara yi tun farkon shekarun 1920. Fuskarta a kumbure take kamar bayan ƙwarya, da ramuka biyu dogaye a gefe, cikinta kuwa fanko ne. Muryarta ta fi ta ƙarfe kauri da taushi. Jitoci masu irin wannan jiki ne kamfanin Gibson ya fara sa wa lantarki a 1936, a cikin shekarun 1940 kuma Rosetta ta koma ga lantarki.

Ya kamata mu bayyana yadda abin yake aiki, gama samarinmu da yawa suna kaɗawa ba su sani ba. Ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai wani abu da za mu kira kunnen jita. Maganaɗisu ne, an naɗe shi da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Tsirkiyar jita ta ƙarfe ce. In ta yi rawa kusa da maganaɗisu sai ta haifi 'yar wutar lantarki cikin wayar, wutar tana hawa tana sauka daidai da rawar tsirkiyar. Igiya ta kai wannan wuta ga amfilifaya, shi ya ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita amo. Watau kunnen ba ya jin ƙara irin yadda makirfo yake ji. Motsin ƙarfe kaɗai yake ji.

Wurin da aka sa kunnen yana sāke murya. In yana kusa da wuya, inda tsirkiya take lilo da faɗi, amon yakan yi kauri da zurfi. In yana kusa da jaki, inda tsirkiya take a ɗaure, amon yakan yi siriri da kaifi. Mai molo ya san wannan, gama in ya kaɗa kusa da jaki amon dabam ne da in ya kaɗa a tsakiya.

Jita mai fankon ciki da aka sa wa lantarki tana da murya mai ɗumi, ana jin itace a ciki. Amma tana da aibi ɗaya. In aka ƙara ƙarfin lasifika, ƙarar takan koma ta girgiza jikin jitar, jikin ya girgiza tsirkiya, kunne ya sāke ɗauka, sai a ji wani kuka mai huda kunne. Duk wanda ya taɓa kai makirfo gaban lasifika a majami'a ya san wannan kuka. Saboda haka akwai iyakar da mai irin wannan jita ba ya iya wucewa.

Tuntuɓe da komowa

Ba za mu ɓoye ba, a shekarun da ta yi da Millinder ta yi waƙoƙi na duniya waɗanda ba su dace da mai bi ba. Waɗansu masu binciken tarihinta sun ce yarjejeniyar da ta sa wa hannu ce ta ɗaure ta. Ko da haka ne, mutanen ekklisiyarta sun ji zafi, suna da dalili kuwa. Aurenta na biyu ma bai daɗe ba. Wata babbar mai waƙar bishara ta zamaninta, Mahalia Jackson, ta ƙi yin waƙa a gidajen giya sam, mutanen majami'a kuwa suka fi amincewa da ita.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare Rosetta ta bar ƙungiyar ta koma ga waƙoƙin bishara. A ƙarshen 1944 ta yi faifai tare da wani mai piyano, Sammy Price. A 1945 ɗaya daga waƙoƙin nan ta kai matsayi na 2 a jerin faya-fayan baƙaƙe na Amurka, abin da waƙar bishara ba ta saba yi ba. A 1946 ta sadu da wata mata mai murya mai zurfi, Marie Knight, suka yi shekaru suna yawo tare. A jihohin kudu a lokacin doka ta raba baƙi da fari. Masaukai da gidajen abinci da yawa ba su karɓar baƙar fata, ko da sunanta ya cika gari. Saboda haka ta sayi babbar mota aka rubuta sunanta a jiki, a ciki ita da mutanenta sukan kwana.

Ran 3 ga Yuli 1951 ta yi aure na uku, da Russell Morrison, a filin wasa na Griffith cikin birnin Washinton. Mutum fiye da 20,000 suka biya kuɗi suka shiga. Bayan ɗaurin aure ta ɗauki jita mai lantarki cikin rigar amarci ta yi musu waƙa. Mu a ganinmu mai da aure abin kallo na kuɗi ba daidai ba ne. Amma labarin yana nuna mana inda aikinta ya kai: daga bakin hanya zuwa fili mai ɗaukar dubbai. Irin wannan wuri yana bukatar jita wadda ba ta kuka in an ƙara mata wuta.

Jita ta uku, gungumen itace

Masu ƙira suka gane cewa tun da kunnen lantarki motsin tsirkiya kaɗai yake ji, ba a bukatar fankon ciki. Kamfanin Fender ya fara sayar da jita ta gungumen itace a 1950. A 1952 Gibson ya fitar da tasa, mai sunan wani makaɗi, Les Paul. Jikinta katako ne mai nauyi iri biyu da aka manne, an shafa wa fuskarta ruwan zinariya, nauyinta kilo 4 ko fiye. Rosetta tana cikin waɗanda suka riƙe ta a shekarun 1950.

In ba a jona wannan jita ba, muryarta kamar ta sauro ce. In an jona ta kuwa tana yin abin da biyun fari ba su iya ba. Da yake gungumen ba ya shanye ƙarfin tsirkiya da sauri, amo ɗaya yakan daɗe yana tafiya. Mai kaɗawa yana iya danna tsirkiya, ya tura ta gefe, ya riƙe ta tana kuka kamar yadda mai goge yake jan izga. Kunnuwanta biyu ne, kowane da naɗi ɗaya na waya. Irin wannan kunne yana ba da murya mai tsini da ɗan gurnani, amma yana kwaso wani zuuu na wutar gida ya haɗa da kiɗan.

Akwai kuma abin da amfilifaya na zamanin yake ƙarawa. A cikinsa akwai kwalabe masu zafi irin na tsohuwar rediyo. In aka buɗe shi har ƙarshe, kwalaben ba su iya ɗaukar dukan wutar, sai amon ya dushe ya yi kaushi kamar muryar mai wa'azi da ya yi kwana uku yana taron farkawa. Masu ƙira sun ɗauki wannan aibi ne. Rosetta kuwa tana cikin na fari da suka mai da shi ado, tana buɗe amfilifaya da gangan. Samari irin su Chuck Berry, da Elvis Presley, da Johnny Cash sun saurare ta suna yara. Little Richard yana da shekara 14 ta kira shi ya hau dandali ya yi waƙa a garin Macon.

Jita ta huɗu, fara

A shekarun 1950 kasuwarta ta ragu a Amurka. Sai ƙofa ta buɗe a Turai. A 1957 wani mai busa ƙaho na Ingila, Chris Barber, ya gayyace ta ta zaga ƙasar tare da ƙungiyarsa, daga nan kuwa ta riƙa komawa.

A 1961 Gibson ya sāke siffar jitarsa. Ya rage kaurin jikin, ya yanke shi gefe biyu kusa da wuya har ya yi kamar ƙaho biyu, domin hannu ya kai can ƙasa inda amo ya fi siranta. Daga baya aka kira ta SG. Wadda Rosetta ta riƙe fara ce fat, ƙarafanta masu ruwan zinariya, da kunnuwa 3. Kunnuwan kuwa sabon iri ne, wanda wani ma'aikacin Gibson, Seth Lover, ya ƙirƙiro, aka fara sa shi a jitoci a 1957. Kowane kunne yana da naɗi biyu, ɗaya yana gāba da ɗaya, ta yadda zuuu ɗin da wannan ya kwaso wancan zai kashe shi, amon tsirkiya kuwa ya ƙaru. Muryar irin wannan kunne ta fi kauri da ƙarfi, tsininta ya ragu kaɗan. Da yake jikin jitar siriri ne marar nauyi, mai ita yana iya tafiya da ita, ya juya, ya ɗaga ta sama.

Da wannan farar jita duniya ta fi saninta. Ran 7 ga Mayu 1964 gidan talabijin na Granada ya shirya taro a wata tashar jirgin ƙasa da aka daina aiki da ita a Mancesta. Masu kallo suna zaune a wannan gefen dogo, makaɗa suna wancan gefe, cikinsu har da Muddy Waters, babban mai buluz na Shikago. Kafin lokacinta ya yi sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka kawo ta cikin keken doki, tana da shekara 49, sanye da babbar riga ta sanyi. Ta sāke waƙar da ta shirya, ta ɗauki wata a kan ruwan tufana na zamanin Nuhu, tana takawa bisa daɓe mai jiƙe da igiyar lantarki a bayanta. Hoton taron yana nan har yanzu, mai wayar hannu yana iya nemansa ya gani.

Abin da bai sāke ba

In mutum ya saurari faifan 1938, sa'an nan ya saurari na 1964, zai ji bambanci nan da nan. Na fari siriri ne mai ƙarar ƙarfe, amo yana faɗuwa ɗaya ɗaya kamar tsakuwa a kwano. Na baya mai kauri ne, yana ja, yana gurnani. Amma ba zai ɗauki minti ɗaya ba zai ce mutum ɗaya ne.

Ga abin da zai gane ta da shi. Tana bugun tsirkiya da ƙarfi da babban yatsa, yadda ta koya sa'ad da ba lantarki. Ko da ta sami jitar da ke riƙe amo, ba ta bar gudun nan na amo bayan amo ba. Tana lanƙwasa tsirkiya a wuraren da muryarta take lanƙwasa. Babban abu kuwa shi ne, ba ta barin jita ta hau kan maganar waƙa. Takan rera layi, ta yi shiru, jita ta amsa, kamar yadda mai wa'azi yake faɗa jama'a su amsa. Wannan ta koya a majami'a tana yarinya. Jitocin sun sāke domin wuraren da take tsayawa sun sāke, kowace kuwa ta ba ta wani abu ta hana ta wani. Hannun da kunnen da ke mulkinsu tun daga Shikago aka gama gina su.

Ƙarshen kwanakinta

Uwarta ta rasu a ƙarshen shekarun 1960, abin ya taɓa ta ƙwarai. A 1970 ciwon shanyewar jiki ya same ta, bayan haka aka yanke mata ƙafa ɗaya saboda ciwon sukari. Duk da haka ta sāke fitowa ta yi waƙa. Ran 9 ga Oktoba 1973 ta rasu a birnin Filadelfiya, tana da shekara 58, ana gobe za ta shiga yin sabon faifai. Aka binne ta a maƙabartar Northwood, ba ko dutse bisa kabarin. Matar da mutum 20,000 suka biya kuɗi domin ganin aurenta ta yi shekara 35 a kabari marar suna.

Daga baya aka tuna da ita. A 1998 gidan waya na Amurka ya buga kan sarki da hotonta. A 2007 wata malamar jami'a, Gayle Wald, ta rubuta tarihin rayuwarta, a shekarar kuma aka sa sunanta cikin manyan masu buluz. A 2008 aka yi taron waƙa aka tara kuɗin dutsen kabarinta. A 2018 masu kiɗan rok suka karɓe ta cikin jerin waɗanda suka kafa kiɗansu.

Abin da za mu koya

Ga samarinmu muna cewa, gaskiya ne jita ta fi jita. Mun nuna dalilin: jiki, da kunne, da wurin kunne, da amfilifaya duk suna sāke murya. Amma kafin ku sāke sayar da buhun masara domin sabuwa, ku gwada waɗannan. Ku ɗaure tsirkiyoyi daidai kafin sujada. Ku sāke su in sun yi tsatsa. Ku juya maɓallin kunne zuwa na wajen wuya in muryar ta yi tsini da yawa cikin majami'a mai rufin kwano. Ku rage ƙarfin lasifika har tsohuwar da ke zaune a baya ta ji kalmomin waƙa. Sa'an nan ku zauna ku koya kowace rana. Rosetta ta yi shekaru da yawa tana kaɗa jita marar lantarki kafin ta jona igiya.

Ga dattawa kuwa muna cewa, tsoronku ba na banza ba ne, gama labarin nan ya nuna cewa gwaninta tana iya jan mai ita zuwa inda bai kamata ba. Amma ba jita ce ta kai ta Cotton Club ba, ba kuwa jita ce ta komo da ita ba. Zabura ta 150 ta lissafta kayan kiɗa masu tsirkiya cikin abubuwan yabo, kun kuma san labarin Dawuda da Sarki Saul a 1 Sama'ila sura 16. Maimakon ku kori jita, ku jawo yaron da ke riƙe da ita kusa, ku san inda yake kwana ran Asabar, ku koya masa ma'anar waƙar da yake bi. Uwar Rosetta ta yi mata haka, abin da ta shuka kuwa bai ɓace ba ko a shekarun tuntuɓe.

A ekklisiyar da muka ambata da fari ba a sayi sabuwar jita ba, ba a kuma fitar da tsohuwar ba. Aka sāke tsirkiyoyi, aka rage lasifika, aka sa yaron ya riƙa zuwa koyon waƙa tare da Zumuntar Mata kowane mako, domin ya koyi bin murya da tulu. Har yanzu yana kuskure, amma jama'a suna jin kalmomin waƙa. Ubangiji ya ba mu hikima a cikin waɗannan al'amura, ya kiyaye 'ya'yanmu masu baiwa. Amin.